Koriyar Fitila a Bakin Layinmu

Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da abokan aikinka. Mu nan mun gode Allah. Yara lafiya lau, sai ƙiriniya. Baban yara yana gaishe ka, ko da yake ka san gaisuwarsa ba ta zuwa sai da ƙorafi a bayanta, zan zo kan wannan.

Na san za ka ce me ya hana ni kira. To ina sabis ɗin yake a wannan dajin naku? Ran da kuma aka yi sa'a ya shiga, ba ka barin mutum ya kai aya. Gara in rubuta in ba direban da ke kai muku kaya, ka karanta bakinka a rufe.

Inna dai jikin sai a hankali. Ƙirjin ne har yanzu. Ta daina kwanciya sosai, sai mu tara mata matasai ta jingina, a haka take barci. Daga tsakar gida kana jin numfashinta kamar ana jan tsohuwar ƙofa. Likita ya faɗi abin da ya saba faɗa, wai a raba ta da hayaƙi. Na ce to ya ba mu aron gidansa. Bai yi dariya ba.

Ka san yadda bututun kamfanin narka ƙarfe yake tsaye a bayan katangarmu. Yanzu ba ya hutawa ko ranar hutu. Ni da nake wanke kayan ma'aikatansu na fi kowa sani. In na shanya farar riga da safe, kafin azahar sai na sake ɗauraye ta.

Ga abin da ya sa na rubuto. Makon jiya wasu mutane daga ma'aikatar muhalli suka zo da tsani, suka kafa sandar ƙarfe a bakin layinmu, daidai inda nake zubar da ruwan wanki. Suka ɗaura wani farin akwati a samanta, mai 'yan ramuka a gefe da fitila guda. Wai iska yake aunawa. In iskar tana da kyau fitilar ta yi kore, in babu kyau ta yi ja. Tun da suka sauko daga tsanin ja take, ko ƙiftawa ba ta yi.

Abin da ake ta faɗa shi ne gwamnati ta sa hannu a wata yarjejeniya kan ɗumamar yanayi, kuma duk unguwar da fitilarta ta zauna a ja har watannin awo su ƙare, za a rufe kamfanin da ke cikinta. Auta, kamfanin nan shi ne tukunyarmu. Baban yara a bakin tanderunsu yake zuba kwal tun kafin ya aure ni, ban san wani aikin da hannunsa ya iya ba. In aka rufe, kayan wa zan wanke? Rabin layin nan haka ne.

Shi kam ya ɗauki zafi. Kullum yana manne da rediyo yana faɗa da mutanen da ba sa jin sa. Ya ce waɗanda suka ƙona duniya suka yi arziki, su ne yanzu suka juyo suna ce mana mu kashe murhu. Ya ce zafi kuwa tun yana yaro ake yin sa, ba yau aka fara gumi ba. Ya ce in gaya maka ku masu sola kun ci amanar talaka. Na gaya maka, na fita.

Inna ta ce ita ba ta san wata yarjejeniya ba, amma zafin yanzu ba irin na da ba ne, a ƙirjinta take jin bambancin. Ta ce ka riƙa cin abinci.

Kai da ka yi boko, mene ne gaskiyar akwatin nan? Yaya yake aiki? Ka yi mini bayani irin na mutane, ba irin na injiniyoyi ba.

Yayarka

*

Yaya,

Na samu wasiƙarki, na gode. Ina gaida Inna da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. A gaida maigidanki Yaya Dogo da yara. Ni lafiyata ƙalau, sai dai na yi baƙi, in kika gan ni sai kin tambayi ɗan wane ne.

Kina ce mini injiniya, alhali ni ma wanki nake yi kamar ke. Nan fili ne fetal, farantan sola a jere iya ganinki, ba bishiya ko ɗaya. Ƙura ta kwanta a kansu wuta ta ragu, sai mu bi su da tiyo da buroshi. Sauran aikin ɗaure waya ne da canja abin da ya ƙone.

Ki ce wa Yaya Dogo rabin maganarsa gaskiya ce. Ba mu muka ɓata duniyar nan ba, kuma mu ake fara kamawa. Ko nan, ran da manyan baƙi suka zo buɗe sabon sashe, janareta aka tayar don a sanyaya musu rumfa, a tsakiyar filin sola. Muka tsaya muna kallo. Amma ɗaya rabin bai faɗa daidai ba. Zafin ya ƙaru, ruwan sama ya daina zuwa a kan ƙa'ida, in ya zo kuma sai ya zo da fushi. Ko ma a ajiye maganar duniya a gefe, hayaƙin da yake zuba wa kwal shi ne a ƙirjin Inna. Wannan ba sai rediyo ta gaya masa ba.

Batun akwatin ba wani abin mamaki ba ne. Akwai ƙaramar fanka a ciki, tana zuƙo iska ta ramukan nan, ya ƙirga ƙurar hayaƙin da ke cikinta, ya aika ofis. Ba shi da wayo, abin da ya shiga ramukansa kawai ya sani. Za ki lura ran da aka yi ruwan sama fitilar takan koma kore ko da kamfanin bai tsaya ba, domin ruwa yana kwantar da ƙurar. Ruwa ne maganinta. Saboda haka ki samu tsohon zane mara kauri, ki jiƙa shi, ki rataya a tagar Inna, in ya bushe ki sake jiƙawa. Ki riƙa yayyafa ruwa a tsakar gida ma. Ke mai hankali ce, ba sai na yi dogon bayani ba.

Maganar rufe kamfani kuma, kada ku tayar da hankalinku tukuna. Ban yarda rufewa kaɗai ce a cikin tsarin ba. Akwai wani abokin aikina da ya taɓa kafa irin akwatunan nan, ya tafi hutu. In ya dawo zan tambaye shi komai in rubuto miki.

Ki ce wa Inna ina cin abinci. Ki ƙara mata cewa har na yi tumbi, ƙarya ce amma za ta ji daɗi.

Ƙaninki

*

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya. Inna ta yi dariyar tumbinka har tari ya sarƙe ta, sai da na yi ta shafa mata baya. Kada ka ƙara.

Kai, ashe kana da kai. Na karanta wasiƙarka sau ɗaya ban ga komai ba, sai da na sake bi na zo inda ka ce akwatin ba shi da wayo, ruwa ne maganin ƙurar, ba sai ka yi dogon bayani ba. Na ce lallai yaron nan ya girma. Na san aikinka na gwamnati ne, ba za ka iya fitowa fili ka faɗa ba. Na gane, kuma ban ambaci sunanka ga kowa ba.

Tagar Inna na sa mata zanen, ta ce da ɗan dama. Washegari na ja tiyon wankina har bakin layi, na jiƙe ƙasan sandar nan da kewayenta sharkaf, na ɗaga tiyon sama ina fesawa. Ba a jima ba fitilar ta yi wata kala tsakanin ja da kore. Matar mai walda tana tsaye tana kallona, ta ce ko na samu taɓi ne nake yi wa ƙarfe wanka. Na nuna mata fitilar. Ta rufe baki ta tafi ta ɗauko bokiti.

Fesawar ba ta daɗewa, rana na fitowa sai ja ta dawo. Sai na tuna da zanen taga. Na yanko tsohon gidan sauro na ninka, na sa farin ƙyalle a tsakiya, na ɗinka wa akwatin 'yar hula daidai shi, fitilar kawai na bari a waje. Muna jiƙa ta mu ɗora da gorar shanya. Auta, tun ranar kore take. In ba ka matso ka ɗaga kai ba, ba za ka san da hular ba.

Yanzu abin ya zama na layi gaba ɗaya. Mun raba aiki gida-gida, wannan da safe, wancan da rana, wani da yamma. Mai shagon bakin titi shi ne ɗan leƙe, da ya hango farar motar ma'aikata sai ya aiko a sauke hular. Su ma ba sa zuwa sosai, in sun zo daga cikin mota suke leƙen fitilar su wuce. Abin da ya fi ba ni dariya, ba mu roƙi kowa ba sai ga tankar ruwa daga kamfani, wai kyauta ce ga maƙwabta saboda zafi. Kowa ya san na mene ne, ba mai cewa komai.

Baban yara ya janye maganar cin amana. Ya ce a gaya maka ashe akwai sauran ɗan halak a cikin masu sola. Rabon da in ga ya zauna ya ci abinci ba rediyo a kunne har na manta. Ni kaina yanzu in na wuce a layi gaishe ni ake yi kamar matar mai unguwa.

Sai dai Inna. Kwanakin nan ƙafafunta sun ɗan kumbura, kuma in za ta kewaya sai ta huta a hanya. Maganin shaƙar da likita ya ba ta ya daina riƙe ta kamar da. Na mayar da ita wurin likita, ya ce abin da take bukata yanzu tukunyar iskar oksijin ce a gida, ya faɗi inda ake samu, na ji. Ka san abin da ya fi ƙarfinmu. Muna dai addu'a.

Ka rubuto da wuri, kwana biyu direban ma ban gan shi ba.

Yayarka

*

Yaya,

Ina gaisuwa, ina gaida Inna. Albishirinki. Abokin nan nawa ya dawo, na zaunar da shi ya yi mini bayanin tsarin daga farko har ƙarshe. Ashe abin da aka gaya muku ɓari ɗaya ne.

Gaskiya ne unguwar da ta fito ja za a kashe tanderun kwal da ke cikinta. Amma ita ce kuma za a kai wa motar asibitin ƙirji. Duk wanda likitansu ya tabbatar hayaƙi ya taɓa masa huhu, za a ba shi tukunyar oksijin a gida, a riƙa cika masa kyauta. Tsofaffi masu irin ciwon Inna su za a fara ba ɗaki a sabbin gidajen da aka gina can gefen gari, inda ba kamfani. Ba sai kun san kowa ba, ba sai kun roƙi kowa ba. Jar fitilar nan ita ce shaidarku. Ban taɓa zaton zan yi murna da ƙazantar iskar layinmu ba.

Ba zan ɓoye miki ɗaya gefen ba. An ce za a koya wa ma'aikatan kamfanin aikin sola, amma na ga waɗanda ake kawo mana nan, duk matasa ne. Masu shekarun Yaya Dogo ban ga ko ɗaya ba. Zan yi iya ƙoƙarina a kansa, ban dai yi alkawari ba. Za a sha wuya, Yaya. Amma Inna za ta yi numfashi.

Na ajiye wasiƙar nan ina jiran direba.

Ƙari a ƙasa. Abin da ke sama na rubuta shi da daɗewa. Ruwan da aka yi ya cinye gadar da ke tsakaninmu da babban titi, ya kayar da turken sabis, muka zauna ba shiga ba fita. Yau direba ya zagayo ta wata hanya, ya miƙo mini taki. Na karanta a tsaye.

Yaya, me kika yi? Wallahi ban nufi haka ba. Tagar Inna da tsakar gida na ce, su kawai. Da na ce ba sai na yi dogon bayani ba, nufina kin san yadda ake jiƙa zane. Yaushe na taɓa yi miki magana a dunƙule? Ke da kike cewa ba na barin mutum ya kai aya?

Ki sauke hular nan yau. Ki naɗe tiyon. Ki gaya wa mutanen layi abin da na rubuta a sama, ki karanta musu da bakinki, ki ambaci sunana, ban damu ba. Duk ranar da fitilar nan ta kwana kore, a ofis an rubuta cewa Inna tana shaƙar iska mai kyau. Tankar da kamfani ya aiko kuma ba don ƙaunarku ba ce. Ban san saura nawa a rufe awon ba, na dai san ya kusa. In ja ta dawo yanzu, wataƙila a ga bambancin a yi tambaya.

Ina jin tsoro, kuma raina a ɓace yake, da ke da ni kaina. Na roƙi direba ya kawo miki wannan kafin ya sauke kayan kowa.

Ƙaninki

*

Auta,

Muna nan. Ban da ƙarfin doguwar gaisuwa, ka yi haƙuri.

Direba ya cika alkawari, hannu da hannu ya ba ni. Amma ka san tsawon lokacin da muka yi ba mu ji daga gare ka ba? Ni ina nan ina ɗora hula ina ganin ƙanina ya ba ni dabara. Kai ka san akwai sauran magana, me ya hana ka ce kada mu taɓa komai sai ka rubuto? Ka ce mini ruwa ne magani, ka yi shiru. Na san laifina ne ya fi yawa, amma bar ni in yi faɗan, ba ni da wanda zan yi da shi sai kai.

Ka san duk wasiƙarka a gaban Inna nake buɗewa. Na fara karanta mata albishir ɗin da murna, kafin in ankara na shiga ƙarin da ka yi a ƙasa. Na so in tsallake, ta ce karanta mini duka, ba kurma ba ce ni. Da na gama na miƙe zan fita in sauke hular. Ta riƙe mini zane.

Ta ce, "Dogo fa? Auta ya ce za a ɗauke shi?"

Na ce, "Ya ce zai yi ƙoƙari."

Ta ce, "To bai ce za a ɗauke shi ba ke nan." Ta huta, ta ja numfashi. Ta ce, "Ni za a kai ɗaki mai iska in zauna ni kaɗai, jikokina suna nan ba abin ɗorawa a wuta? Zauna. Na sha iskata, ta ishe ni."

Na ce Inna ba haka ake yi ba. Ta ce in na taɓa hular nan ba da yawunta ba. Ka san ta in ta kafe.

Duk da haka na fita. Na ɗauki gora na sauke hular, na tsaya a bakin layi na karanta musu wasiƙarka kamar yadda ka ce. Wasu maganar ta shige su, don ba Inna kaɗai ke tari a layin nan ba. Amma matar mai walda ta ce, gwamnatin da ba ta gyara mana kwata ba ita ce za ta ba mu gida? Ta ce alkawari a takarda yake, albashi kuwa a hannu. Mai shago ya ce ni na fara, yanzu don uwata ce zan tona wa kowa asiri. Ba su ma yi jayayya da ni sosai ba. Kafin la'asar wata hular tana kan akwatin, ashe tuni sun ɗinka nasu, har da na canji.

Baban yara bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya zauna a bakin gado ya ce shi bai hana ni ba, Inna uwarsa ce shi ma, amma in faɗa masa abin da zai ce wa yara ran da aka rufe ƙofar kamfani. Na sake fita na sauke hular washegari, aka mayar. Na sauke, aka mayar. Daga nan suka sa mutum ya zauna a gindin sandar da kujera.

Ba a yi mako ba aka sanar a rediyo an rufe awo. Unguwar ƙetaren kwari ta fito ja, an kashe tanderunsu, motar asibiti tana can. Mu mun fito kore. Har wasu suka zo suka kafa allo a bakin titi, wai unguwa abar koyi wajen tsaftar iska, suka ɗauki hoto da mai shago.

Ga sauran. Tunda an ce iskarmu tana da sauran wuri, an ba kamfanin izini ya kwaso aikin wancan tanderun da aka kashe ya dawo da shi nan. Sun fara gina bututu na biyu. An ƙara wa baban yara matsayi. Ya shigo da labarin ya faɗa a tsakar gida a hankali, kamar mai kawo saƙon rasuwa.

Na ɗauki Inna a mota na kai ta ƙetaren kwari wurin motar asibitin. Ma'aikaciyar ta duba ta, ta girgiza kai, ta tambayi inda muke zaune. Da na faɗa ta ce ba mu cikin waɗanda aka ba su, unguwarmu ba ta da matsalar iska. Ta ba mu maganin shaƙa guda daga jakarta, ta ce kada in faɗa wa kowa.

Yanzu leɓen Inna yakan yi duhu in ta yi magana da yawa. Ka zo.

Yayarka

*

Yaya,

Na samu. Ba zan mayar miki da faɗa ba, kin yi gaskiya, ya kamata in ce ku jira.

Na nemi izini, oga ya ce sai wanda ya tafi hutu ya dawo, ƙarshen wata ke nan. Na nemi ɗaki a ƙauyen da ke kusa da mu, na samu. Ba wuta sosai, abin kunya, ga filin sola a gefensu, amma iskar tana da kyau. Zan zo in ɗauke Inna. In ta ce ba ta zuwa, ki ce mata ni ne ba ni da lafiya, ina bukatar mai dafa mini abinci. Ki haɗa mata kayanta tun yanzu. Na kai ƙara ofis ta hannun abokina cewa a sake awon layinmu, an ce an karɓa, za a duba.

Ki ci gaba da jiƙa zanen tagarta. Ki ce mata ta jira ni.

Ƙaninki

*

Auta,

Ina fata ka isa lafiya. Yaya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta.

Kwanakin da ka yi a nan ba mu yi magana ba. Ka iso an riga an kai ta, ka zauna cikin maza kana karɓar gaisuwa, in na kawo maka abinci sai ka ce an gode kamar baƙo. Ban ga laifinka ba. Ni ma ban iya kallon idonka ba. Jakar da ka ce in haɗa mata ka gan ta a bayan ƙofa, na ga lokacin da ka gan ta. Tana nan har yanzu ban kwance ba.

Na gaya mata ƙaryar da ka ce. Ta yi murmushi ta ce mai tumbi ne ba shi da lafiya? Amma ta yarda za ta bi ka. Ita ta zaɓi zannuwan da za a sa a jakar. Ina so ka san wannan, ta jira ka iya ƙarfinta. Da safe ne, ina sake jiƙa zanen tagar, na ji ƙarar nan ta ƙirjinta da muka saba ji ta tsaya. Na daɗe a tsaye da zanen a hannu kafin in juya.

Da aka fito da ita ina bakin ƙofa. Ta ƙarƙashin sandar nan aka wuce da ita, fitilar tana kore. Wani ya tuna ya jiƙa hular a safiyar, duk da an gama awo, duk da rasuwa aka yi a layin. Hannu ya riga ya saba.

Bayan tafiyarka na ɗauki gora na sauke hular, na kai ta murhu na ƙona. Ba wanda ya hana ni, kujerar gadin ma an daɗe da ɗauke ta. Kafin in koma gida fitilar ta yi ja. Bututu biyu ke aiki yanzu, jan har ƙiftawa yake yi, abin da ban taɓa gani ba. Na ɗauko kujera na zauna a gindinta. Na ce bari su gani a ofis ɗin, ko ba don Inna ba, akwai sauran tsofaffi, akwai yara. Matar mai walda ta zo ta tsaya kusa da ni. Mijinta ya fara tofar da baƙar majina.

Sun gani kuwa. Shekaranjiya farar motar ta zo, wannan karon har suka fito da tsani. Na yi murna, na ɗauka ƙarar da ka kai ce ta yi aiki. Na je na same su na faɗa musu komai, tiyon, hular, tankar kamfani. Na ce ni na ɗinka ta da hannuna, in kama ni za a yi a kama ni. Babbansu ya saurare ni da ladabi, ya yi mini gaisuwar rashi. Ya ce Hajiya baƙin ciki yakan sa mutum ya ɗora wa kansa abin da bai yi ba. Ya ce akwatin da ya yi watanni yana ba da kore ba zai tashi rana ɗaya ya koma ja haka ba, sai dai in ya lalace. Na ce ya ɗaga kai ya dubi sama mana. Ya duba, ya ce shi ba da ido aka aiko shi ya auna ba. Suka kwance akwatin suka sa a bayan mota, wai za a kai gyara. Na tambaya yaushe za a dawo da shi, ƙaramin cikinsu ya ce unguwar da ta ci jarrabawa ba ta cikin masu bukata.

Baban yara ya daina kunna rediyo. Yana zuwa aiki yana dawowa, in ya shigo ba ya kallon ɗakin Inna. Jiya ya ce in tambaye ka ko ɗakin nan da ka samu a ƙauye yana nan, ko yara za su zo maka hutu su ɗan daɗe. Bai faɗi dalili ba, ni ma ban tambaya ba. 'Yar ƙaramar ta fara neman a ƙara mata matashi in za ta kwanta.

Ka ba ni amsa ta hannun direba, kuma don Allah ka yi mini dogon bayani, kome ƙanƙantar abin.

Sandar sun bar ta a nan. Wanki ya ƙaru tunda an ƙara ma'aikata, igiyoyina ba sa isa, sai na ɗaura wata daga jikinta zuwa katangarmu. Yau da safe na wanke zanen tagar Inna na shanya a kai. Na je ɗaukowa da azahar, sai na sake ɗauraye shi.

Yayarka